Hawa Dutsen Lorelai a bakin kogin Rayin: mu je ko mu fasa?

Bakano_a_Mainz:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema. Hajiyata ta zo daga Kano ganin jika, wata biyu ke nan, kuma tun da ta sauka daga gida sai masallaci sai kantin Turkawa, ni kuma abin yana damuna, ina so kafin sanyi ya kankama in fita da ita ta ga ƙasar Jamus da idonta. Wani abokin aikina Bajamushe ya ce in kai ta dutsen da suke kira Lorelai, a allo za ka ga an rubuta Loreley, wai idan ka hau kana hango kogi a ƙasa da jirage da gonakin inabi a jikin tsaunuka. Har na sa ranar Asabar ta biyu a Oktoba, sai na faɗa wa wani ɗan'uwa a masallaci, ya ce min ai yankin nan gaba ɗaya na masu giya ne, duk inabin da zan gani giya za a yi da shi, bai kamata in kai tsohuwa mai ibada wurin ba. Maganar ta tsaya min a rai. To tambayata biyu ce. Shin mace mai shekara sittin da 'yan kai, mai ɗan ciwon gwiwa, za ta iya hawa? Sannan zuwan ma ya dace ko mu fasa?

Hajiya_Koblenz:
Wa'alaikumus salam. Da farko a gaida Hajiya, Allah ya ƙara lafiya, ya raya jika. Ni na fi shekara goma a wannan yankin kuma duk baƙon da ya zo min sai na kai shi. Amma ka ji gaskiya, kada ka bi da ita ta matakala. Daga St. Goarshausen, garin da ke ƙasan dutsen, matakalar ta kai kusan 400, kuma ba irin ta bene ba ce, wata gajera wata doguwa, wani wurin dutse ne kawai aka sassaƙa. Mai ciwon gwiwa hawan zai ba ta wahala, saukowar kuma ta fi. Akwai titin mota da ke kewayawa har sama, akwai wurin ajiye mota, daga nan tafiya ce miƙaƙƙiya zuwa bakin dutsen, har keken jarirai ana turawa tun da suka gyara wurin a 2019. Ku matasa ku hau da ƙafa, ita da mai jego su same ku a sama.

Bakano_a_Mainz:
Na gode Hajiya, za ta ji. Ban ma san mota tana kaiwa sama ba, ni na ɗauka kamar Dala ne, dole sai ƙafa.

Dan_Zango_Kumasi:
Ni dai ina tare da wannan ɗan'uwan na masallaci. Ba wai ina cewa haramun ba ne, ni ba malami ba ne, amma na je Rüdesheim, wani gari a wannan yankin na bakin Rayin, sau ɗaya lokacin kaka, wallahi ko'ina kwalba, ko'ina mutane da kofi a hannu, warin ma kaɗai ya ishe ka. Na dawo gida raina ba daɗi. Ƙasar nan tana da wuraren gani da yawa, me ya sa sai wurin da sunansa ya fita da giya? Ka kai ta gidan dabbobi a Frankfurt ko lambun furanni.

Yar_Damagaram:
Yaya Dan Zango, Rüdesheim daban, saman Lorelai daban. Can cikin gari ka shiga, kuma lungun da ka shiga da ma abin da ake yi a cikinsa ke nan. A kan hanyar dutse ba abin da za ka gani sai itatuwa da duwatsu da tsofaffin Turawa masu sanda bibbiyu suna ce maka halo. Ni na yi salla ta azahar a can sama a kan ciyawa, ba wanda ya ko kalle ni sau biyu.

Malam_Na_Bonn:
Bismillah. Tunda an taɓo hukunci bari in faɗi ɗan abin da na karanta, wanda ya fi ni sani ya gyara. Inabi halittar Allah ne, halal ne, Alƙur'ani ya ambace shi a wurare da dama a matsayin ni'ima. A Suratul An'am aya ta 99 Allah ya ambaci gonakin inabi da zaitun da rumman, sannan ya ce ku dubi 'ya'yansa idan ya yi 'ya'ya da nunarsa. Umarni ne ma a duba. Abin da aka tsine shi ne giya da masu hannu a cikinta, hadisin mutum goma ya lissafa su, mai matsawa, wanda aka matsa dominsa, mai sha, mai ɗauka, wanda aka ɗauko wa, mai shayarwa, mai sayarwa, mai cin kuɗinta, mai saye da wanda aka saya wa. Mai wucewa ta gefen gona yana kallo ba ya cikin goman nan. Inda za ka kiyaye shi ne zama, domin akwai hadisin da ya hana mai imani da Allah da ranar lahira zama a teburin da ake zagayawa da giya. To ku tafi da guzurinku, ku shimfiɗa tabarma a gefe, ku ci abinku. Wallahu a'alam.

Dan_Zango_Kumasi:
Malam na ji, kuma na gamsu da rabin maganar. Amma kuɗin da za ka kashe a yankin fa, kuɗin ajiye mota, kuɗin shayi, ba su ne ke riƙe musu sana'ar ba?

Malam_Na_Bonn:
Malam Dan Zango, in muka bi ta nan to kantin da kake sayen madara a unguwarku ma akwai layin kwalabe a cikinsa. Kowa ya tsaya inda zuciyarsa ta natsu, wanda ya bari don tsantseni Allah ya ba shi lada, amma kada mu haramta wa mutane abin da ba a haramta ba.

Ummi_Darmstadt:
Ni abin da zan ja kunnenku a kai, tunda Oktoba za ku je, shi ne wani abu da suke sayarwa a bakin hanya mai suna Federweißer. Don Allah ku riƙe sunan nan. A ido kamar kunun aya yake, fari-fari mai duhu, a kwalba wadda ba a toshe bakinta sosai ba, kuma yana da zaƙi. Sabon ruwan inabi ne da ya fara tsima, akwai barasa a ciki kuma kullum ƙaruwa take. Shekarata ta farko a nan, ban iya Jamusanci ba, na nuna kwalba a wani tebur na ce ruwan inabi nake so, matar ta zuba min, har na kai baki sai na ji yana cizon harshe kamar lemun kwalba kuma ƙamshinsa irin na ƙullin da ya kwana. Na tofar, na yi ta istigfari har gida, kwana biyu ina jin abin a raina. Ba na ce da gangan ta yi ba, ita a wurinta abin sha ne kawai. Wanda ba barasa sunansa Traubensaft, shi za ku nema, kuma ku karanta jikin kwalbar da kanku. Sannan wainar albasar da suke haɗawa da shi, Zwiebelkuchen, yawanci akwai naman alade a ciki yankakke ƙanana, ba za ka gane ba sai ka tambaya.

Hajiya_Koblenz:
Ummi ta faɗi gaskiya. A ƙara da kalmar Schorle. Apfelschorle ruwan tuffa ne da ruwa mai gas, ba komai. Weinschorle giya ce da aka sirka. Suna kusa da juna a takardar abinci, yaro zai iya nuna kuskure.

Injiniya_Aachen:
Har wanda aka rubuta alkoholfrei ma a lura, doka ta yarda a kira abu haka ko da akwai ragowar da ba ta wuce kashi 0.5 cikin ɗari ba, don asalinsa giya ce aka cire mata barasar. Ni ba na taɓa shi. Traubensaft dai shi ne ba rigima.
Amma ni abin da ya kai ni Lorelai ba inabi ba ne, kogin ne. Malam Bakano idan kun hau, ka tsaya a bakin ƙarfen nan ka jira jirgin kaya ya zo kwanar, kada ka yi sauri. Dutsen ya ɗaga mita 132 daga ruwa, kuma daidai nan ne kogin yake matsewa ya yi zurfi, har wajen mita 25, ga kwana mai kaifi ga ruwa mai ƙarfi. Za ka ga jirgi dogo wanda ya fi filin ƙwallo tsawo yana karkata gindinsa a hankali kamar zai taɓa dutse. Wanda ke gangarowa ba ya iya tsayawa yadda yake so don ruwa ne ke tura shi, shi ya sa daga Oberwesel zuwa St. Goar suka kafa alluna masu fitilu a bakin kogi da ke gaya wa mai haurowa irin jirgin da ke zuwa ta bayan kwana. Kuma haɗarin ba labarin da ba ne kawai, ranar 13 ga Janairu 2011 wani jirgin dakon sinadarin asid mai suna Waldhof ya kife a kusa da dutsen, mutum biyu daga cikin ma'aikatansa suka rasu, jirage ɗaruruwa suka yi makonni suna jira.

Bakano_a_Mainz:
Allahu akbar. To shi ne asalin labarin aljanar da aka ce tana kifar da jirage? Abokin aikin nawa ya fara ba ni labarin ban gane ba sosai.

Yar_Damagaram:
E, wai wata budurwa ce mai dogon gashi take zama a kan dutsen tana taje kai tana waƙa, matuƙa su shagala da kallonta su daki dutse. Da na ji sai na tuna labarin 'yan ruwa da kakata ke ba mu. Akwai mutum-mutuminta a ƙasa a ƙarshen wata doguwar gaɓa da ta shiga cikin kogi, kuma ba sutura a jikinta, in kuna tare da Hajiya ba sai kun bi ta nan ba.

Dalibi_Marburg:
Ƙaramin gyara Anti, ba tsohuwar tatsuniyar gargajiya ba ce kamar yadda mutane ke ɗauka. Wani mawaƙin Jamus ne ya ƙirƙiro budurwar a 1801, wasu mawaƙan suka ɗora, har ta zama kamar tun fil azal ake ba da labarin. Abin da ya daɗe shi ne sunan dutsen da kuma amsa-kuwwar da yake yi, da can in ka yi ihu sai ya maimaita maka. Yanzu ƙarar jirgin ƙasa da motoci ta cinye wannan, don layin dogo ne a gaɓa biyun duka, dare da rana jiragen kaya na wucewa, mutanen ƙauyukan nan sun daɗe suna kuka da ƙarar.

Dan_Gwoza:
Ku bar ni in yi magana a kan gonakin, don ni su ne suka sa ni hawaye ranar da na fara zuwa. Ni ɗan dutse ne, a kan tsaunin Mandara kakannina suka yi noma. Wanda ya san Gwoza ko ya taɓa hawa Sukur ta wajen Madagali ya san yadda ake jera duwatsu ba siminti ba laka, a yi ganuwa gajera, a cika bayanta da ƙasa, a samu ɗan fili kamar tabarma biyu a shuka dawa, sannan a sake wata ganuwar a samanta, haka har ƙololuwa. To ina fitowa daga jirgi a Kaub, wani gari a bakin Rayin kusa da Lorelai, na ɗaga kai, sai ga irin aikin nan sak a jikin tsauni. Na taɓa ganuwar da hannuna, dutse a kan dutse, ƙanana sun toshe tsakanin manya, ruwa yana samun hanyar fita ba ya ture ta. Na daɗe a tsaye. Shekarata nawa rabona da gida saboda abin da kowa ya sani, sai ga hannun kakana a ƙasar Jamus. Kuma abin mamaki Sukur ta shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 1999, wannan kwarin na Rayin sai 2002, mun riga su.
Na haɗu da wani tsoho a gonarsa ran nan, ya kai saba'in, da wani kwando mai tsawo a goye a bayansa, yana hawa yana dafa turaku. Da ɗan Jamusancina na tambaye shi me ya sa gonar duk tsakuwa ce baƙa ba ƙasa. Bai ce komai ba, ya sunkuya ya ɗauko fallen dutse ɗaya mai faɗi kamar allon karatu ya sa min a tafin hannu. La'asar ce sakaliya, iska da sanyi, amma dutsen da ɗumi kamar an sauke shi daga murhu. Ya ce da rana yana shan zafi, da dare ya mayar wa inabin. Shi ya sa suke wahalar noma a gangare mai kallon rana maimakon fili. Ya nuna min gonakin maƙwabtansa da suka zama jeji, ƙaya ta rufe ganuwar, ya ce 'ya'yan sun tafi birni, tarakta ba ta hawa nan, komai da hannu ne. Ni ban sha abin da yake yi da inabinsa ba kuma ba zan sha ba, amma na san gumin manomin dutse in na gan shi.

Hajiya_Koblenz:
Allah ya dawo mana da zaman lafiya a gida ɗana, ya sa ka koma ka ga dutsenku. Ka sa jikina ya yi sanyi.

Dan_Zango_Kumasi:
Amin. Malam Dan Gwoza maganarka ta taɓa ni. Amma ka ga abin da nake faɗa, duk wannan gumin a kan me ya ƙare? Shi ne abin da ke ɓata min rai in na kalli gonakin.

Bazazzagi_Giessen:
To ai laifin ba na itacen ba ne Malam. Mu a wajenmu Kudan da Hunkuyi, nan kusa da Zariya, ana noman inabi sosai yanzu, kuma ci ake yi, ana kai shi kasuwannin Kano da Abuja. Ni da na je Rayin ido na sa a kan yadda suke ɗaure reshe a waya da yadda suke rage ganye don rana ta samu 'ya'yan, na ɗauki hotuna na tura wa ƙanena da ke da 'yar gona. Iri dai ba ɗaya ba ne, nasu na nan yawanci Riesling ne, ƙanana ne masu 'ya'ya a ciki da ɗan tsami, ba irin manyan da muke saya a kanti ba. Ilimi ne a shimfiɗe a jikin dutse, wanda ya je da idon manomi zai ƙaru.

Ummi_Darmstadt:
Tunda an zo maganar ɗanɗano, don Allah a riƙe hannun yara. Inabin yana nan dab da hanya, ba shinge, yaro zai miƙa hannu ya tsinka. Gonar mutane ce, a dokarsu sata ce, a addininmu ma haƙƙi ne. Kuma ana fesa musu magani.

Kawu_Frankfurt:
Ku yara kun cika lissafi. Ni shekarata 66, bara na tashi daga Kaub da ƙafa na bi hanyar masu tafiyar ƙafa da ake kira Rheinsteig har St. Goarshausen ta kan Lorelai, wajen kilomita 22, hawa da sauka, hawa da sauka, tun hantsi sai dab da magariba na isa. Likita ne ya ce sukarina ya hau, in riƙa tafiya, shi ne na fara. Hanyar tana da alama, harafin R fari a kan shuɗi, a jikin itace da duwatsu, in ka yi minti goma ba ka gan ta ba ka koma baya. Ita hanyar gaba ɗaya kilomita 320 ce daga Bonn zuwa Wiesbaden, ina cin ta guntu-guntu, in Allah ya ba ni rai zan gama. Abin da na gane shi ne wanda ya zo da mota ya sauka ya ɗau hoto bai ga abin da mai ƙafa ya gani ba. Kafin ka kai Lorelai akwai wani hancin dutse da ake kira Spitznack, ba kowa a wurin, ba shago ba hayaniya, na zauna na ci dabino na sha ruwa, kogi yana can ƙasa kamar an shimfiɗa rawani. Ni a wurina ya fi Lorelai ɗin kanta. Mu Hausawan Turai zama ya yi mana yawa, daga aiki sai kujera sai waya, ga shinkafa ga mai. A gida kakanninmu sun taka daga Kano har Gwanja fataucin goro.

Bakano_a_Mainz:
Kawu ranka ya daɗe, kilomita 22 kuma? Allah ya ƙara ƙarfi. Mu dai wannan karon matakalar ma ta ishe mu. Amma in za ka sake fita ka yi min magana in bi ka.

Kawu_Frankfurt:
Sai ka sayi takalmi tukuna. Ba silifas ba, ba takalmin zuwa ofis ba, mai ƙasa mai gurzau wanda ya kama idon sawu. Dutsen nan mai falle-falle in ya jiƙe santsi yake kamar sabulu, ga ganyen kaka a kai. Na ga wani yaro Balarabe ya zame a matakala ya fasa gwiwa, da ƙyar abokansa suka sauko da shi. Kuma in ka dawo gida ka duba jikinka da na yara saboda kaska, tana cikin ciyawa, tana sa ciwo.

Injiniya_Aachen:
A kan zuwa, in ba mota za ku yi ba, St. Goarshausen tana gaɓar dama, jirgin ƙasa mai lamba RB10 da ke tashi daga Frankfurt ya bi ta Wiesbaden shi ke tsayawa a nan. In kuka hau na gaɓar hagu daga Mainz to a St. Goar za ku sauka, sai ku shiga jirgin fito ya tsallaka da ku, minti kaɗan ne. Ku sani babu gada ko ɗaya a kan kogin tun daga wajen Mainz har Koblenz, fito ne kawai, kuma ba ya kwana yana aiki, a duba lokacin na ƙarshe. Ni ina ganin Hajiya za ta ji daɗin fiton ma.

Dalibi_Marburg:
Kuma daga cikin jirgin fiton ana ganin gidajen sarauta uku. Rheinfels a saman St. Goar, an fara gina shi a 1245 don karɓar kuɗin fito daga jiragen da ke wucewa, sai Katz a saman St. Goarshausen, wato kyanwa, da Maus can gaba, wato ɓera. Katz ba a shiga, na wani ne. A tsakanin Bingen da Koblenz, kilomita 65 kacal, akwai irin waɗannan wajen 40, da yawansu shingen karɓar haraji ne, kowane sarki ya tare kogi ya karɓi nasa. A Kaub ma a tsakiyar ruwa suka gina nasu kamar jirgi.

Yar_Damagaram:
Kaub ɗin nan ba ita ce ake ta faɗa a labarai ba lokacin fari? Na tuna 2022 aka ce ruwan ya koma santimita 30, na yi ta mamaki yadda jirgi zai bi ruwan da bai kai gwiwa ba.

Injiniya_Aachen:
Ita ce Anti, amma lambar ba zurfin kogin ba ce, awo ne daga wata alama da suka kafa, ainihin hanyar jirgi ta fi haka da fiye da mita ɗaya. Duk da haka jiragen sai da suka rage kaya sosai a 2018 da 2022, mai da gawayi suka yi tsada.

Maman_Hanan:
Ni ban ga wanda ya yi maganar Hajiya ita kanta ba. Malam Bakano ka tambaye ta? Iyayenmu ba yara ba ne. Ka gaya mata gaskiya, ka ce Hajiya wuri ne mai dutse da kogi, mutanen yankin manoman inabi ne kuma giya suke yi da shi, mu kallo za mu je da abincinmu. In ta ce a je, a je, in ta ce ranta bai kwanta ba, kada ka matsa. Na kai surukata shekara biyu da suka wuce, ban ɓoye mata komai ba. Da muka isa bakin dutsen ta kama ƙarfe da hannu biyu ta ƙi matsawa, tsoron tsayi, sai da ta jima sannan ta leƙa. Ta yi shiru, can sai na ji tana ta subhanallah a hankali, ta ciro carbi. Da za mu tafi ta ce a ƙara mata minti goma. Har yau in mun yi waya sai ta tambaye ni kogin nan yana nan da ruwansa? Ku tafi mata da bargo ko babban mayafi, iskar sama ba irin ta ƙasa ba ce, da fulas na shayi mai citta. Akwai banɗaki a ginin baƙi da ke sama, amma buta sai kun zo da taku.

Malam_Na_Bonn:
Maman Hanan ta kawo abin da ya fi duk abin da na faɗa. A ƙara da lokacin salla, a Oktoba rana ta fara gajarta, azahar da la'asar suna matsowa kusa, ku yi alwala tun daga gida in zai yiwu. Alƙibla daga nan kudu maso gabas ce.

Dan_Zango_Kumasi:
To ni dai har yanzu ba zan je lokacin kaka ba, lokacin ne bukukuwansu suka fi yawa. In da bazara ce da ganye ya fito ba 'ya'ya, wataƙila in bi Kawu. Malam Bakano ba hana ka nake ba, Allah ya kai ku lafiya.

Hajiya_Koblenz:
Amma fa kaka ce ta fi kyau Malam Dan Zango, ganyen inabin duk ya koma ruwan ɗorawa, tsauni gaba ɗaya kamar an zuba zinariya. Ku dai je da safe kafin manyan motocin 'yan yawon buɗe ido su cika wurin, kuma in kun tarar da hazo ya rufe kogin kada ku juya, ku jira, wajen sha ɗaya yakan yaye. In da sauran ƙarfi bayan kun tsallaka fito, akwai wani wuri a ɗaya gaɓar da ake kira Maria Ruh kusa da ƙauyen Urbar, daga nan ne ake ganin dutsen kansa sosai, don wanda ke tsaye a kan Lorelai ba ya ganin Lorelai.

Bakano_a_Mainz:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka. Na bi shawarar Maman Hanan, jiya bayan isha na zauna na gaya wa Hajiya komai har da maganar ɗan'uwan nan na masallaci. Ta tambaye ni ko za a tilasta mata shan wani abu, na ce a'a. Ta ce to a yi dambun nama da ƙosai a tafi da su, kuma tana so ta ga ganuwar duwatsun da ɗan Gwoza ya faɗa don na karanta mata abin da ya rubuta. Yanzu matsalar ita ce motata mutum biyar take ɗauka mu kuma shida ne da kujerar jariri. Akwai wanda ke kusa da Mainz ko Wiesbaden da zai so zuwa ranar Asabar ɗin da motarsa?

Dan_Gwoza:
Ni ina Wiesbaden kuma ba na aiki ranar. A ce wa Hajiya ni zan nuna mata ganuwar da kaina, akwai wadda ke dab da titi ba sai ta hau ba. Ƙarfe nawa za mu tashi?